A cire jijiya a bar haƙori, ko a cire shi a huta? Muhawara a zauren 'yan garinmu

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci kusan mako uku. Turmina na ƙasa ta ɓangaren dama, na biyu daga ƙarshe, ya daɗe da yin rami, amma da yake ba ya damuna sai idan na sha ruwan randa da asuba ko na tauna rake, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Daga tsakiyar watan jiya ciwon ya sauya kama, ya koma yin zugi shi kaɗai ba tare da an taɓa shi ba, musamman da dare idan na kwanta, har zugin ya riƙa hawa zuwa kunne, kuma shayi mai zafi ya fi ruwan sanyi tayar da shi. Na cusa kanumfari, na sha farasitamol har na gaji. Shekaranjiya na nemi izini a makaranta na shiga Kano, likitan haƙori ya ɗauki hoto, ya ce ruɓar ta kai ga jijiya, don haka hanya biyu ce ta rage: ko a cire jijiyar a bar mini haƙorin, ko a cire haƙorin gaba ɗaya. Kuɗin aikin farko ya ninka na biyun sau da yawa, kuma ya ce sai na koma aƙalla sau biyu, ban da hular da za a sanya wa haƙorin daga baya. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne tun jiya da rana ciwon ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Don Allah wanda ya taɓa yin wannan aiki ya gaya mini gaskiyar abin da zan tarar, da kuma ko akwai sauran buƙatar komawa tunda na samu sauƙi.

Baffa Ɗanladi:
Wa alaikumus salam. Habu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni shawarata ita ce ka je a cire shi ka huta. Haƙori uku aka cire mini a rayuwata, kuma har yau ina cin tuwona, ina tauna gorona. Abin da ban gane ba game da wannan sabon aiki shi ne, idan an zare wa haƙori jijiya ai ya mutu ke nan, to mene ne amfanin mutum ya biya kuɗi mai yawa domin ya riƙe mataccen abu a bakinsa? Ka lissafa kuɗin mota daga nan zuwa Kano sau uku ko huɗu, ka haɗa da kwanakin da za ka bar ɗalibanka, ga riɗinka yana jiran yanka. Ban hana ka ba, amma ka duba aljihunka kafin ka amsa wa likita.

Maman Sadiya:
Malam, sannu da jiki. Ni an yi mini wannan aiki shekara huɗu da suka wuce, kuma zan gaya maka abin da ya same ni domin kada ka maimaita kuskurena. Game da zafi, tsoron da na tafi da shi ya fi abin da na tarar nesa ba kusa ba. Allurar ce kawai na ji, daga nan leɓena da rabin harshena suka yi nauyi kamar ba nawa ba, sauran kuwa ƙarar inji ce da gajiyar buɗe baki. Da aka gama zama na farko aka toshe ramin da wani farin abu, aka ce in dawo bayan mako biyu. Na dawo gida, ciwo ya tafi, hidimar bikin ƙanwata ta taso, daga baya damina ta shigo hanya ta lalace, ni kuwa na ce tunda ba ya ciwo ai an gama. Bayan wata biyar ko shida farin abin ya zaizaye, abinci ya riƙa shiga, wata rana ina cin gyaɗa haƙorin ya tsage gida biyu har cikin dasashi. Da na koma aka ce babu abin da za a iya yi masa sai cirewa. Na yi asarar kuɗin farko, na biya na cirewa, kuma haƙorin bai tsira ba. Laifin ba na likita ba ne, domin ya gaya mini ranar dawowa har ya rubuta mini a kati.

Dakta Nura:
Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ba da lafiya, kuma ka yi mini afuwa sai yanzu na fito daga aiki na ga saƙonka. Ban ga hoton ba, saboda haka maganar likitan da ya duba ka ita ce a gaba, amma zan yi bayanin aikin gwargwadon yadda muke yin sa.

Zan fara da lafawar ciwon, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk abin da ka rubuta. Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. Daga waje akwai farin ɓawo, wanda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, a ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan ruwan ɗorawa da bai kai shi ƙarfi ba, a can tsakiya kuma akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai ɗauke da jijiyar ji da ƙananan jijiyoyin jini. Daga wannan ɗaki ne wasu siraran hanyoyi suka gangara ta cikin saiwa har suka tarar da ƙashin muƙamuƙi. Lokacin da ruwan sanyi kawai ke tayar maka da shi, ruɓar ba ta isa ɗakin ba, kuma da ciko kaɗai za a iya magance ta. Lokacin da ya koma zugin dare, jijiyar ta kumbura ne a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa. Idan irin wannan zugi ya ɗauke farat ɗaya ba tare da an yi aiki ba, mafi yawan lokuta ma'anarsa ita ce jijiyar ta mutu. Mai kai ƙara ne ya mutu, amma ƙwayoyin bakteriya suna nan, kuma yanzu hanya ta buɗe musu zuwa ƙarshen saiwa, inda suke tara mugunya a cikin ƙashi. Yana iya yin shiru na makonni ko watanni, sannan wata safiya mutum ya tashi da kumburarren kunci. Don haka amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce lallai akwai buƙatar komawa, ko da wacce hanya ka zaɓa.

Shi aikin ga yadda yake. Za a yi maka allurar kashe zafi, galibi lidoken, a can cikin baki kusa da ƙarshen muƙamuƙi tunda haƙorin na ƙasa ne. Ana haɗa ta da ɗan adiranalin domin ta daɗe tana aiki, shi ya sa wasu kan ji zuciyarsu ta ɗan yi sauri na 'yan mintuna, sannan ta koma daidai. Turmin ƙasa da ke cikin tsananin kumburi yakan yi taurin kai kafin allurar ta kama shi, saboda haka idan an fara ka ji tsini, ka ɗaga hannu a ƙara maka allura, kada ka daure don kunya. A inda ake da kayan aiki za a shimfiɗa wata 'yar roba a bakinka, haƙorin kaɗai ya leƙo ta cikinta, domin kada yawu ya shiga ramin, kuma kada wani ƙaramin ƙarfe ya faɗa maƙogwaro. Daga nan a huda haƙorin ta sama, a nemo bakin hanyoyin. Haƙorin gaba yawanci hanya ɗaya gare shi, amma turmi yana da uku ko huɗu, wasu a lanƙwashe, kuma wannan ne dalilin da aikinsa ya fi tsada da cin lokaci. Ana bin kowace hanya da wasu siraran ƙarafa masu kama da magagari, ana kankare ta ana wanke ta da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta, ana ɗaukar hoto ko a yi awo da na'ura domin a tabbatar an kai ƙarshen saiwa ba a wuce ba. Kowane zama yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi. Idan akwai mugunya, sai a bar magani a ciki, a toshe da cikon wucin gadi, wato farin abin da Anti Maman Sadiya ta ambata. A zama na gaba a cike hanyoyin da wani abu mai kama da roba da ake kira gataferca, wanda asalinsa ƙaron wata bishiya ce ta yankin Malesiya, sannan a rufe saman da ciko na dindindin.

Bayan kowane zama bakinka zai kasance a mace na awa biyu zuwa huɗu, kada ka ci abinci ko ka sha mai zafi kafin ya saki, domin za ka iya tauna leɓenka ko ka ƙone ba ka sani ba. Haƙorin zai yi tsami idan ka ciza na kwana biyu zuwa 'yan kwanaki, kuma farasitamol ko ibufurofen sukan wadatar, sai dai mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda su nisanci ibufurofen.

Baffa, game da maganarka cewa haƙorin ya mutu, ranka ya daɗe, cikinsa ne kawai aka kwashe. Saiwar tana nan a riƙe da wasu zaruruwa masu rai da suka ɗaure ta da ƙashi, jini yana zuwa musu, kuma ta hanyarsu mutum yake jin cewa ya ciza abu. Jiki ba ya ɗaukarsa a matsayin baƙo.

Malam Habu:
Nura, Allah ya yi maka albarka, na fahimta ƙwarai. Saura maganar hula. Tunda an cike ramin da ciko na dindindin, mene ne kuma amfanin ƙarin wani kuɗin? Na ɗauka ado ce kawai irin ta haƙorin Makka.

Dakta Nura:
Malam, a haƙorin gaba sau da yawa ciko kaɗai yana isa, amma turmi dabam ne. Ruɓa ta riga ta cinye wani sashe nasa, mu ma mun huda tsakiyarsa, abin da ya rage shi ne bango siriri ta kowane gefe, alhali a kansa ne nauyin tauna yake sauka. Ka ɗauke shi kamar rumbun da aka share, aka yi masa sabon yaɓe, amma aka bar shi babu jinka har damina ta faɗi. Aya, da ƙanzo, da soyayyar gyaɗa, da tsakuwar da kan ɓuya a cikin shinkafa ko wake, kowannensu yana iya tsaga bangon, kuma idan tsagar ta gangara cikin saiwa babu gyara. Hula tana kama haƙorin ne ta ko'ina ta haɗe bangayen wuri ɗaya. Ana ɗan fere haƙorin, a ɗauki siffarsa, a aika wa masu haɗawa, bayan mako ɗaya ko biyu a manna ta. Akwai ta ƙarfe zalla, akwai ta ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran, akwai ta tangaran zalla. A turmin da ba ya bayyana idan ana magana, ta ƙarfe tana da ƙarko kuma takan fi sauƙin kuɗi. Idan kuɗin hula bai samu nan take ba, ana iya ɗan jinkirta ta bayan an yi ciko na dindindin, matuƙar za ka kauce wa tauna abu mai tauri ta wannan gefe. Cikon wucin gadi kuwa na makonni ne, ba ya jure watanni.

Kuma ba zan ɓoye maka ba, ba kowane aiki ne yake yin nasara ba. Mafi yawansu suna zama lafiya shekaru masu yawa, amma akan samu wata hanya ta ɓuya ba a gan ta ba, ko ɗan siririn ƙarfen ya karye a ciki, ko ciwon ya dawo bayan shekaru har a sake buɗewa. Haƙorin da ya riga ya tsage zuwa saiwa, ko wanda ke girgiɗa saboda ciwon dasashi ya cinye ƙashin da ke riƙe da shi, bai cancanci a kashe masa wannan kuɗi ba.

Baffa Ɗanladi:
Nura, na ji bayaninka kuma na ƙaru, musamman maganar cewa lafawar ciwo ba warkewa ba ce, domin haka ta faru da ni a haƙori na biyu. Amma har yanzu ina kan bakata a wuri ɗaya. Ku da kuke birni kuna lissafin kuɗin aiki ne kawai, mu kuwa a nan akwai kuɗin mota, da na abinci, da yinin da aka rasa a gona, da ranar da za ka je a ce likita ba ya nan ko babu wuta. Labarin Maman Sadiya ba nata ba ne ita kaɗai. Mutum nawa ne a garin nan za su iya zuwa Kano sau huɗu saboda haƙori ɗaya? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dakta Nura:
Baffa, a nan ba ni da abin cewa sai dai in yarda da kai. Wanda ya san ba zai iya kammala zuwan ba, cirewa a asibiti ta fi masa alheri a kan aikin da aka bari a tsakiya, kuma babu abin kunya a cikin wannan zaɓi. Abin da nake so kawai shi ne mai cirewa ya san cewa ita ma tana da nata farashin da ba a biya a rana ɗaya. Babban mutum haƙori 32 gare shi idan na ƙarshe sun fito, kuma suna tsaye ne da jingina da juna. Idan aka cire turmin Malam, na bayansa zai fara karkatowa cikin giɓin a hankali, na samansa kuma zai riƙa saukowa tunda ba shi da abokin karo, abinci ya samu sababbin wuraren maƙalewa, tauna ta koma gefe ɗaya. Wannan ba ya faruwa a wata ɗaya, shekaru yake ɗauka, shi ya sa mutane ba sa danganta shi da cirewar. Malam bai kai hamsin ba, kuma wannan turmi yana cikin waɗanda suka fi kowane haƙori aiki. Shawarata ita ce kafin a fara, ya zauna da likitan ya tambaye shi zama nawa ne, da jimillar kuɗin har da hula, da ko za a iya haɗa wasu matakan a rana ɗaya saboda nisan gida. Idan babu mugunya mai yawa, akwai lokutan da ake gama cire jijiya da cikewa a zama ɗaya.

Sista Hauwa:
Ina yi wa kowa sallama. Ni abin da nake gani a asibitinmu na sha-ka-tafi shi ne ƙarshen jinkiri, kuma ina roƙon jama'a su saurare ni. Mutane suna zuwa bayan sun ɗiga ruwan batir a ramin haƙori, ko sun danna asfirin a jikin dasashi har wurin ya ƙone ya yi fari, ko sun sha amoksisilin da Flagyl daga kemis zagaye uku. Waɗannan magunguna suna iya rage kumburi na ɗan lokaci, amma ba sa isa cikin haƙorin da jijiyarsa ta mutu, domin jinin da zai kai su wurin ya daina shiga. Kanumfari yana rage raɗaɗi da gaske, amma ba ya tsayar da ruɓa. Masu cire haƙori a kasuwa kuma, waɗanda ke nuna wa mutum tsutsa a cikin auduga, babu wata tsutsa a haƙori, kuma ƙarfen da ya fita daga bakin wani ya shiga naka ba tare da an dafa shi a na'ura ba yana iya ɗauko ciwon hanta nau'in B ko ƙanjamau. Sau da yawa ma kan haƙorin suke karyewa su bar saiwar a ciki.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar katako, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko murya ta sauya, ko kumburin ya haura har ido ya fara rufewa, musamman tare da zazzaɓi, to a nemi mota ko da tsakar dare ne. Irin wannan kumburi yana tura harshe baya ya toshe hanyar numfashi, kuma yana kisa. Na taɓa raka wani matashi da haka, a zaune ya yi tafiyar gaba ɗaya domin ba ya iya kwanciya, kuma Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori da tiyatar muƙamuƙi, kuma irin wannan matsala can ne muhallinta, ba wurinmu ba.

Ga wanda aka cire wa haƙori kuma, ya ciza audugar da aka sa masa na rabin awa ba tare da yawan dubawa ba. A ranar farko kada ya kurkure baki, kada ya riƙa tofar da yawu da ƙarfi, kada ya sha taba, kada ya sa harshe ko tsinke a ramin, domin gudan jinin da ya daskare a ciki shi ne murfin ciwon. Daga washegari sai ya fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri bayan kowane abinci. Idan gudan jinin ya fita, bayan kwana biyu zuwa huɗu sai wani ciwo mai tsanani ya taso da wari, kuma wannan sai an koma an wanke ramin an sa magani.

Isiyaku Direba:
Dakta, ina da tambaya a kan maganar Sista ta ido. Mahaifiyata tana da ruɓaɓɓen haƙori a sama, ta ƙi yarda a cire, ta ce tun tana yarinya ta ji cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Akwai gaskiya a ciki?

Dakta Nura:
Isiyaku, ka gaishe da Inna, ka ce mata jijiyar gani dabam take da jijiyoyin haƙori, kuma cire haƙorin sama ba ya rage gani. Barin ruɓaɓɓen ne yake da haɗari ga ido, domin mugunyar haƙoran sama, musamman fiƙa mai doguwar saiwa, tana iya haurawa ta kumbura ƙasan ido. Abin da ke kusa da turamen sama da gaske shi ne wani kogo a cikin ƙashin kunci wanda ke haɗe da hanci, shi ya sa wani lokaci mukan ce wa mutum kada ya fyace hanci da ƙarfi na wasu kwanaki bayan cirewa. Idan tana shan maganin hawan jini ta sha shi a ranar kamar kullum, ta ci abinci kafin ku taso, kuma ku tafi da dukkan magungunanta a leda likita ya gani. Idan akwai na tsinka jini a ciki, kada ta daina sha da kanta sai likita ya faɗa.

Baban Walida:
Ni ma bari in shigo da tawa. Maiɗakina tana da ciki wata biyar, haƙori yana damunta sosai, amma surukata ta ce a bari sai ta haihu domin allura za ta taɓa abin da ke cikin.

Dakta Nura:
Yaya, wata na huɗu zuwa na shida shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi wa mai ciki aikin haƙori, saboda laulayin farko ya wuce kuma ciki bai yi nauyin da zai hana ta kishingiɗa ba. Allurar kashe zafi ba ta cutar da jariri, hoton haƙori ma haskensa kaɗan ne ƙwarai kuma a baki yake tsayawa. Abin da ya fi cutar da ita shi ne mugunya, da rashin cin abinci, da shan magani barkatai. Kada ta sha ibufurofen, kada kuma ta sha tetirasaikilin, wanda muke kira ja-da-yalo, domin yana ɓata launin haƙoran yaro tun kafin su fito. Ku gaya wa likita watannin cikin tun a bakin ƙofa, ku tafi da katin awo.

Alhaji Sule:
Na biyo muhawarar tun farko. Ni nawa sun riga sun tafi, turame biyu a jere, kuma ina da ciwon suga. Wani abokina ya ce yanzu ana dasa haƙori a cikin ƙashi. Shin wannan ya fi haƙorin roba?

Dakta Nura:
Alhaji, ranka ya daɗe, hanya uku ce ake cike giɓi. Haƙorin roba da ake cirewa shi ne mafi sauƙin kuɗi, yana buƙatar makonni kafin baki ya saba da shi, kuma ana cire shi da dare a wanke a ajiye cikin ruwa. Ta biyu ita ce gada, inda ake fere haƙoran da ke gefen giɓin a ɗora musu huluna haɗe da na tsakiya, sai dai ana taɓa lafiyayyun haƙora, kuma dole a samu mai ƙarfi ta kowane gefe. Ta uku ita ce dashen da abokinka ya faɗa. Ana kafa ƙusa ta ƙarfen titaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kanta. Ba sabon abu ba ne, wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Brånemark ne ya fara sanya wa mutum irinsa a 1965. Shi ya fi kama da haƙorin asali, shi ne kuma mafi tsada da nisa. Gare ka, sharaɗin farko shi ne suga ya daidaita, domin suga mai hawa yana jinkirta warkewa kuma yana sa dashen ya ƙi kamawa, haka ma shan taba. Sannan sai hoto ya nuna ko ƙashin da ya rage zai ɗauka, tunda ƙashi yana janyewa a inda aka daɗe da cire haƙori.

Malam Habu:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na sayar da buhu ɗaya na riɗi, na koma wurin likitan na yi masa tambayoyin da Nura ya ce in yi, ya rubuta mini jimillar kuɗin har da hular ƙarfe, muka yi yarjejeniya in biya kashi-kashi. Maganar Nura ta tabbata, domin da aka buɗe haƙorin ni kaina na ji warin da ya fito, likitan ya ce jijiyar ta riga ta mutu kuma mugunya ta fara taruwa a ƙarshen saiwa ɗaya, saboda haka ba za a iya gamawa a zama ɗaya ba. Hanya huɗu ya samu. Na yi kusan awa ɗaya da rabi a kujera, ban ji zafi ba sai sau ɗaya, na ɗaga hannu aka ƙara allura. Abin da ya fi wahalar da ni shi ne muƙamuƙina da ya gaji, da yunwa a mota, domin ban karya ba kafin in fita kuma bakin bai saki ba sai da muka kusa Ringim. Kwana biyu haƙorin yana tsami idan na ciza, yau kuwa babu komai. Baffa, lissafinka na kuɗin mota gaskiya ne, na ji shi a jikina.

Maman Sadiya:
Alhamdu lillahi. Malam, yanzu ne ka iso daidai inda ni na tsaya, domin daga yau babu ciwon da zai tuna maka. Wace rana aka ba ka?

Malam Habu:
Talata ta sama, ƙarfe tara na safe. Na riga na gaya wa hedimasta, Malam Sabo zai riƙe mini aji, kuma kuɗin zaman na biyu yana hannun maiɗakina, na ce kada ta ba ni shi ko na tambaya sai daren Litinin.

Isiyaku Direba:
Malam, ranar ina da lodin Kano, zan tsaya maka a bakin makaranta bayan sallar asuba. Inna ma ta amince, tare za mu tafi da ita.